Yadda ake daskarar da yogot a gida ba tare da inji ba

Ruwan da ke cikin yogot shi ne ke zama ƙanƙara mai garas-garas a baki, don haka a fara rage shi. A juye kofi 3 na yogot marar sukari, ko kindirmon da aka tafasa madararsa, a ƙyalle mai tsafta bisa rariya, a bar shi a firji awa 3 ya tsane.

A markaɗa nunanniyar ayaba 2, a haɗa da yogot ɗin, da zuma babban cokali 3 da ruwan lemun tsami ƙaramin cokali 1. A ɗanɗana: zaƙin ya ɗan zarce yadda ake so, domin sanyi na dakushe shi. Kada a cire zumar gaba ɗaya wai don lafiya. Ita ke hana shi sandarewa kamar dutse. Amma ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma.

A zuba a faffaɗan kwanon silba, a sa a firiza. Duk bayan minti 30 a fito da shi, a kankare gefen da ya fara kamawa, a buga sosai da cokali mai yatsu, sau 4. Sannan a rufe, a ƙara masa awa 2.

Idan an ɗauke wuta ya narke ya daɗe, kada a sake daskarar da shi.