Yadda Ake Fara Shiga Gasar Nuna Karnuka a Ingila

A Ingila, inda aka yi gasar nuna karnuka ta farko irin ta zamani a garin Newcastle cikin 1859, abin da alƙali ke aunawa shi ne yadda kare ya dace da rubutattun siffofin nau'insa: tsayin kafaɗa, faɗin ƙirji, zaman haƙora, gashi da yanayin tafiya. Ƙungiyar Kennel Club, wadda aka kafa a 1873, ita ce ke riƙe da waɗannan siffofi da kuma rajistar karnuka. Kowa na iya karanta su a takarda, amma gane su a jikin kare mai rai sai an zauna kusa da wanda ya daɗe a harkar, shi ya sa neman malami ke gaba da sayen kare.

Mai sha'awa ya fara zuwa gasa hannu rabbana, ya sayi littafin da ke ɗauke da sunayen karnukan da iyayensu, ya zauna a bakin fagen nau'in da yake so, yana rubuta wanda ya zaɓa kafin alƙali ya yanke hukunci. Inda zaɓinsa ya saɓa da na alƙali, nan ne tambayarsa ta farko take. Sai dai kada ya tari mai kiwo lokacin da yake taje karensa yana jiran a kira shi fage, domin a sa'an nan hankalinsa ba ya wurin kowa. Ya bari sai an gama, ya gaishe shi, ya yaba karen, sannan ya yi tambaya ɗaya tak. Shiga ƙungiyar masu wannan nau'i ma hanya ce ta haɗuwa da dattawan harkar.

Malamin kirki shi ne wanda zai faɗa maka aibin karensa da bakinsa. Wanda duk zancensa kushe karnukan wasu ne, ko kuma gaggawar sayar maka da ɗan kwikwiyo, a ganina gara ka gaishe shi ka wuce. Idan ka sami na kirki, ka yi masa hidima irin ta almajiri, ka ɗauki keji, ka riƙe masa kare, ka taya shi wanka da taza, domin yawancin ilimin a irin waɗannan lokuta yake fitowa.

Da ka sami ɗan kwikwiyo mai rajista, sai ka kai shi ajin horo da suke kira ringcraft tun kafin ya cika wata 6, wanda shi ne lokacin da akan fara shiga gasa sosai. A can zai koyi tsayawa cik, ƙafafun gaba a miƙe ƙarƙashin kafaɗa, na baya a ɗan ja su, ya yarda baƙo ya ɗaga leɓensa ya duba haƙora ba tare da ya ja da baya ba. Ƙananan karnuka a kan tebur ake duba su. Kai kuma za ka koyi riƙe igiya a hannun hagu, da gudu daidai da takun karen, da tabbatar da cewa ba ka shiga tsakaninsa da alƙali ba.

Ka fara da ƙananan gasa, kuma ka lura cewa ana rufe karɓar suna makonni kafin ranar. A manyan gasa ne ake ba da takardar shaida da ake kira CC, kuma hanyar da aka saba bi ita ce kare ya sami 3 daga hannun alƙalai 3 daban kafin a kira shi zakara. Babbar gasar Crufts, wadda ta faro a 1891 kuma ake yi a Birmingham cikin watan Maris, sai karen da ya ci matsayi a wata gasa ke samun shiga. Kafin a kai can, ka roƙi wani ya ɗauke ka bidiyo a fage, ku zauna da malaminka ku kalla tare, ya nuna maka inda ka ja igiya har karen ya karkace.