Yadda nake kai ɗalibai Yankari su ga abin da suka je gani

Sau huɗu ke nan ina kai ɗalibaina gandun namun daji na Yankari, sau ɗaya kuma na je da iyalina. Tafiyar farko a watan Agusta muka yi ta, damina ta zauna, ciyawa ta rufe ko'ina. Muka yi awa biyu muna zagaya daji, abin da yara suka gani bai wuce gwaggon biri da gadu ba. A hanyar dawowa wata yarinya 'yar aji biyu ta matso kusa da ni ta ce, "Malam, ina giwar?" Har yau tambayar tana raina, don iyayenta sai da suka yi faɗi-tashi kafin su haɗa kuɗin tafiyar.

Saboda haka abu na farko shi ne lokaci. Da damina ruwa yana kwance a kowane lungu, dabbobi suna warwatse a dajin da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Da rani kuwa tafkuna sun ƙafe, ciyawa ta kwanta, dole kowa ya gangaro kogin Gaji shan ruwa. A nan ake ganin ɓauna da gwanki da gwambaza, in an yi sa'a har garken giwaye. Ni Fabrairu zuwa farkon Maris nake zaɓa: hunturu ya yi sauƙi, zafin bazara bai kankama ba. Afrilu ya fi ganin dabbobi, amma ranar tana galabaitar da yara. A duba kuma kada tafiyar ta faɗo cikin azumi ko dab da jarrabawa.

Kafin a karɓi kuɗin kowa, a tuntuɓi masu kula da wurin a ji kuɗin shiga, na ɗaki da na motar zagaya daji, a kuma tambaya ko akwai rangwamen ɗalibai. Gwamnatin Jihar Bauchi ce ke riƙe da shi tun 2006. Sai takardar amincewar iyaye, da sa hannu da lambar waya, da fili guda da za su rubuta in yaro yana da asma, sikila ko farfaɗiya. Wannan filin ba na wasa da shi. In akwai 'yan mata, dole malama ta zo, iyaye ma hankalinsu ya fi kwanciya. Ƙa'idata babba ɗaya ga yara goma.

Daga garin Bauchi hanyar Gombe ake bi, a Dindima a karkata zuwa ƙofar shiga da ke Mainamaji. Mutane da yawa suna zaton sun iso da zarar sun ga ƙofa, alhali akwai sauran kilomita 40 da ɗoriya cikin daji kafin sansanin Wikki. A cika tanki tun daga Bauchi, a duba safaya, a riƙe tsabar kuɗi don sabis yana ɗaukewa. Ba na yarda mu yi tafiyar dare da 'ya'yan mutane, ko da direba ya rantse ya san hanya.

In da hali, a kwana. Masu zuwa su koma a yini guda suna isa ne da rana tsaka, lokacin da dabbobi suka shige inuwa. Fitar sassafe, bayan sallar asuba, ita ce tafiyar.

Sai abin da na fi ba muhimmanci, wato shirya idon yaro tun daga aji. Mako guda kafin tafiya ina ba su tarihin wurin a taƙaice: an keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Sannan in raba su rukuni-rukuni, kowane da aikinsa. Wasu su rubuta sunan duk dabbar da aka gani da Hausa, wasu tsuntsaye, wasu itatuwa, wasu su tambayi ɗan rakiya yadda ake gane sawu. A tafiyarmu ta uku ɗan rakiyar ya tsayar da mota, ya nuna mana kashin giwa a gefen hanya, tururi na tashi daga jikinsa, ga rassan bishiya a karye sabon karyawa. Ya ɗora yatsa a baki. Yara talatin suka yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Ba a yi minti biyar ba sai ga uwa da ɗanta suna tsallaka hanya a gabanmu, a natse. Da mun zo da hayaniya da kiɗan waya, da ƙurarsu ma ba mu gani ba. Shirun nan tun a makaranta muka yi ta gwada shi.

Game da gwaggon biri, a ja kunnen yara sosai. A cikin sansani suke yawo, sun saba da mutane, sun kuma san leda. A gabana ɗaya ya fizge burodi daga hannun wani yaro ya haye rufin ɗaki. Abinci ya zauna a cikin mota ko ɗaki a rufe, tagogi ma a rufe, kuma kada kowa ya miƙa musu komai ko ya jefe su.

Ruwan Wikki shi ne abin da yara ba sa daina labarinsa. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garau har ana ganin farin yashin ƙasa, ɗuminsa kusan digiri 31 rani da damina. Wajen bakin dutsen yana iya shanye babban mutum, don haka nakan tsaya a ciki da kaina in zama iyaka, wanda bai iya ruwa ba ya tsaya ta ƙasa inda bai kai ƙirji ba. Maza da lokacinsu, mata da nasu tare da malamarsu, kowa ya zo da kayan canji. Mai zuwa da iyali ya sani akwai matakala masu yawa kafin a sauka. Mahaifiyata sai da muka huta da ita sau biyu a hawowa.

In lokaci ya rage, a roƙi ɗan rakiya ya kai ku kogunan Marshall, ɗakuna ne da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, sannan a leƙa ɗakin adana kayan tarihi na sansanin, inda ake ajiye hauren giwa da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta.

Kafin mota ta tashi ina kiran suna ɗaya bayan ɗaya, ba ƙirga kai ba, kowa ya amsa da bakinsa. Littattafan rukuni kuma a hannuna suke dawowa, don ranar Litinin da su za mu buɗe darasi.