Yadda Mai Ciwon Suga Zai Kula da Ciwon Jijiyoyin Ƙafa

Masu ciwon suga da yawa a Gombe sukan yi kukan cewa tafin ƙafarsu yana ƙuna da dare kamar an shafa barkono, ko kuma suna jin kamar kiyashi na yawo a yatsunsu. Suga ne da ya daɗe yana hawa ya taɓa jijiyoyin ji da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su, kuma abin yakan fara daga yatsun ƙafafu biyu, sannan ya riƙa haurawa sama a hankali.

Aikin farko shi ne daidaita sugan kansa, domin jijiyar da ta riga ta lalace ba kasafai take komawa yadda take ba, amma ana iya rage saurin ɓarnar. A riƙa yin gwajin HbA1c, wanda yake nuna yadda suga ya kasance cikin kimanin wata uku. Ga yawancin manya, likitoci sukan so ya tsaya ƙasa da kashi 7 cikin 100. Wanda ya shekara da shekaru yana shan maganin suga na metformin ya nemi a auna masa bitamin B12, saboda maganin yana iya rage shi, ƙarancinsa kuma yana ƙara illata jijiya. Mai shan taba ya daina.

Raɗaɗin jijiya ba ya jin parasitamol sosai, kuma yawan sayen diclofenac ko ibuprofen a kemis yana iya cutar da ƙodar da suga ya riga ya raunana. Magungunan da likita kan rubuta su ne amitriptyline, duloxetine, gabapentin ko pregabalin. Akan fara da kaɗan a ƙara sannu a hankali, sukan sa jiri ko barci, kuma sai an yi makonni kafin a ga amfaninsu, don haka kada a yanke shan su farat ɗaya ba tare da sanin likita ba. Tramadol kuwa a guje shi, don yana kama mutum har ya kasa daina shan sa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lokacin da ƙafa ta daina jin komai, mai ita ya ɗauka ya warke. A wannan hali ƙusa takan shiga ba a sani ba, yashin watan Afrilu yakan ƙona tafin ƙafa a harabar masallaci, garwashin da ake jin ɗumi da shi a hunturu yakan tayar da bororo mutum yana ta hira. Saboda haka a duba ƙafa kowace rana, har tsakanin yatsu da diddige, da madubi ko da taimakon wani a gida. A taɓa ruwan wanka da gwiwar hannu kafin a sa ƙafa, a tsane tsakanin yatsu bayan alwala, a shafa mai a kan kaushi da faso ban da tsakanin yatsun, a kakkaɓe takalmi kafin a sa, kuma kada a bar mai yankan farce ya kankare kaushi da reza.

Duk raunin da ya kumbura, ya yi wari, ya yi baƙi, ko yake fitar da mugunya, a kai shi asibiti a ranar, kada a yi masa sakiya ko a ɗaure shi da ganye. Ko babu rauni, a je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko asibiti mafi kusa a gwada jin ƙafar aƙalla sau ɗaya a shekara.