Yadda nake koya wa ɗalibaina karin maganar Turanci kan dangi da kamanni

Duk ɗalibin da zai zauna WAEC ko NECO ko JAMB sai ya ci karo da karin maganar Turanci. A JAMB ma tambayoyin Turanci 60 ne cikin 180, kuma ba a rasa irin waɗannan a ciki. Ni malamin sakandaren jeka-ka-dawo ne a wani ƙauye kusa da Gumel, kuma na hana yarana haddar dogon jeri. Abin da nake sa su yi shi ne su rataya kowace karin magana a wuyan wani ɗan gidansu.

Ka samu littafin rubutu, ka raba shafi gida 2: kamannin fuska a dama, gadon hali a hagu. Wajen bambance waɗannan biyun ne yara suka fi ruɗewa.

A ɓangaren fuska ka fara da "the spitting image of". Ita ce daidai da abin da iyayenmu mata ke faɗa in sun ɗauki jariri ranar suna: kamar ubansa ya yi kaki ya tofar. Sai ka duba gidanku, wa ya ɗebo kamannin wa? Ka rubuta "Ladi is the spitting image of Goggo". Kada ka yar da "of" ɗin nan, masu shirya jarrabawa na son ɗana tarko a kanta. Idan kuwa mutum biyu ne kamar an tsaga kara, irin su Hassan da Husaini, "like two peas in a pod" ake cewa.

Ɓangaren hali ya fi yawan kaya. "A chip off the old block" da "like father, like son" na ɗan da ya gaji ubansa ne, kamar ɗan maƙeri da ya iya zuga tun bai kai ko'ina ba. "The apple doesn't fall far from the tree" tana kusa da barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a kula: tamu yabo ta fi karkata, tasu kuwa har ɗan ɓarawon da ya fara ɗauke-ɗauke ana yi wa. In abu ya bi jinin gida gaba ɗaya, tsawo ne ko sanƙo ko zafin rai, sai a ce "it runs in the family".

"Take after" tana shiga ko'ina, fuska da hali, amma daga ƙarami zuwa babba take tafiya. Jika ne ke ɗauko kakansa, ba a juyawa. Kuma daban take da "look after", wadda ke nufin kula da mutum.

Wadda ta fi ba yara dariya ita ce "the black sheep of the family". Fassararta kai tsaye ita ce baƙar tunkiyar gida. Wani ɗalibi ya taɓa ce min, "Malam, ai a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba launi ake saye ba, ƙiba ake dubawa." Gaskiyarsa. Tumakinmu, Balami da Uda da 'Yankasa, don nama muke kiwon su. A Ingila kuwa gashin tunkiya ake saƙa tufafi da shi, baƙin gashi ba ya karɓar rini, shi ya sa ba ya daraja. Ma'anarta ɗan da ya fita zakka a gida. Wannan kam a rubuta jimlarta da sunan ƙirƙira, kada littafin ya faɗa hannun wani yayanka.

Daga nan sai maimaici da baki. Bayan sallar isha'i, ka ɗauki guda 2 kacal, ka faɗe su cikin jimla da ƙarfi, washegari ka sauya sunan mutumin ka sake. Kalmomin karin maganar dai ba a taɓa su: tuffa ba ta tsiro a gonakinmu, amma in ka musanya ta da mangwaro, mai duba takarda zai soke.