Idan Baba Fasto mai zafin nama ne

Salama, 'yan'uwa ma'aikata. Wannan shawara ce ga mai hidima a ƙarƙashin faston da ba ya zama: yau fita bishara ƙauye, gobe ginin sabuwar majami'a, jibi taron farkawa.

Abin da ya taimake ni a aikin sakatare shi ne littafin rubutu. In ya kawo sabon aiki, ba na musu, ba na kuma cewa to nan take. Sai in buɗe littafin in ce, "Baba, ga ayyuka uku a hannunmu, wanne za mu ajiye mu ɗauki wannan?" Da kansa yake zaɓa. Nauyin rayuka ne ke tura shi, na sani, amma yakan manta cewa mawaƙa da zumuntar mata suna da gona da yara, balle da damina.

Gyara kuwa a ofis, ku biyu, kuma ka je da mafita a hannu. A Littafin Fitowa sura 18, da Yetro, surukin Musa, ya ga Musa zai gaji, sai ya ce ya naɗa shugabanni na dubu, ɗari, hamsin da goma.

Ranar hutunka ma ka sanar da Baba Fasto tun farkon wata.