Tapi na santsi, ka ruga ɗauko kile? Dakata tukuna

Duk wanda ya taɓa aiki a wurin fasa dutse a bayan garin Yamai ya san wannan kukan. Inji na aiki, ganga, wato mulmulallen ƙarfen da ke jan tapi, na juyawa, tapi kuwa ya ƙame da tsakuwa a gadon bayansa, sai wani irin ƙugi mai tsinka kunne, can kuma warin roba ya turnuƙe wurin. Kafin ka ce me, wani ya ruga ya ɗauko kile, wato ƙarfen murɗa noti, zai ƙara ɗauri. Tapi dai shi ne doguwar robar nan mai jigilar kaya a masana'anta, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa bel. Na daɗe ina gyaransa, daga na tsakuwa har na masu casar shinkafa, kuma mafi yawan ɓarnar da na gani daga wannan gudun ɗauko kile ta faro.

Ganga ba ta da haƙori. Abin da ke sa ta ja tapi kamu ne kawai tsakanin fatarta da cikin robar, kamar yadda igiyar guga ke kama icen rijiya in ka naɗe ta. Kamun ya dogara da abu uku: yawan ɗaurin tapin a ɓangaren da yake barin ganga, yawan naɗin da ya yi mata, da kuma yanayin fatar gangar, ko busasshiya ce ko jiƙaƙƙiya, ko ƙarfe ne tsura ko an lulluɓe ta da roba. Kile abu ɗaya kaɗai yake taɓawa cikin ukun.

Ga lissafin da ya kamata kowane mai gyara ya riƙe a ka. A ce kayanka na bukatar jan kilo 1000, tapi kuma ya naɗe rabin ganga, wato digiri 180. In gangar ƙarfe ce tsura kuma busasshiya, ɗaurin kilo 500 a ɓangaren dawowa ya wadatar. Ranar da ruwa da laka suka shiga tsakani, wannan gangar dai sai ta nemi wajen kilo 2700 kafin ta ja kaya iri ɗaya. Ya haura ninki biyar. Amma in an lulluɓe ta da roba mai tsaga-tsaga wadda ruwa ke bi ya fice, ko da laka ba za ta nemi kilo 900 ba. To ka ga wanda ya ce zai maganta santsin damina da kile, so yake ya ɗora wa tapi da rulma, wato boris, da sandar ganga nauyin da ba a ƙera su dominsa ba.

Ni kaina da hannuna na yi wannan aika-aikar ina yaron gareji. Watan Agusta ne, an kwana ana ruwa, motoci uku na jiran lodi, mai wurin na tsaye da waya a kunne yana cewa, "Yaro, ƙara masa mana, me kake jira?" Maigidana ya tafi gari neman kaya. Na ɗaure har kile ya ƙi motsi, na zura masa bututu na hau kai da ƙafa. Tapi ya tashi, aka yi ta yaba mini. Bayan la'asar gidan rulman gangar baya ya yi zafin da in ka tofa yawu sai ya yi cuu, washegari da hantsi mahaɗin tapin ya yage daga gefe zuwa gefe. Da maigida ya dawo bai yi mini faɗa ba. Ya ja ni gaban gangar inji, bayan an kashe wuta, ya ce, "Shafa nan." Robar da ke jikinta ta cinye ƙarƙaf, ƙarfen na sheƙi kamar bayan cokali. Kwana uku wurin bai yi aiki ba. Garin gyaran gira muka rasa ido.

Saboda haka in tapi ya yi santsi, kashe wuta ka zagaya shi da ƙafa tukuna. Duba fatar gangar inji. Juya kowane rulo, wato ƴan gangunan da tapi ke tafiya a kansu, da hannu, domin rulon da ya ƙame birki ne, goma daga cikinsu kuwa sun isa su sa inji nishi. Leƙa ƙarƙashi ka ga ko tsakuwar da ta zube ta taru har tapi na jan ciki a kanta. Tambayi mai lodi ko ya ƙara buɗe bakin mazurari. In wurin na yawan jiƙewa, sa a lulluɓe gangar da roba, a gyara abin kankare laka, in da hali a ƙara ƴar ganga a bayan ta inji wadda za ta tura tapi ya ƙara naɗi. Daga digiri 180 zuwa 210 kaɗai, kamun na ƙaruwa sosai ba tare da ka taɓa noti ko ɗaya ba. Sai duk waɗannan sun fita lafiya sannan a yi maganar kile. Masu watsa yashi ko toka tsakanin ganga da tapi yana tafiya kuwa, hannunsu suke wasa da shi.

Kuskure na biyu ya fi na farko yawa, sai dai shi ɓarnarsa a hankali take zuwa. A kan gajeren tapi, gangar baya na zaune ne a kan dogayen ƙusoshi biyu masu zare, ɗaya dama ɗaya hagu. Aikinsu ɗauri. Amma da zarar tapi ya fara karkata gefe, sai ka ga an kama ƙusa ɗaya ana murɗawa. Tapin zai gudu daga gefen da aka matse ya koma wanda ya fi sako-sako, mai gyara ya ga kamar ya yi nasara. Abin da bai gani ba shi ne ganga ta karkace, gefe ɗaya na tapin na shan ja fiye da ɗayan, bayan ƴan makonni wannan gefen ya miƙe miƙewar da ba ta komawa. Daga nan tapin ya zama kamar wando mai ƙafa ɗaya doguwa, babu saitin da zai sake zama a kansa. A kan ƙaramin tapi mara nauyi ana ɗan taɓa gangar baya kaɗan, ban musa ba, amma a na tsakuwa da siminti saiti aikin rulo ne.

Ƙa'idar rulo mai sauƙi ce: tapi na bin gefen da ya fara taɓawa. In yana gudu hagu, sassauta mazaunin rulon da ke gabanin inda yake fita, ka tura gefensa na hagu gaba, ta inda tapi ya nufa, kamar mai karya kan keke zuwa dama. Milimita 2 ko 3 ya isa. Sai ka tsaya tapi ya zagayo sau uku kafin ka sake taɓa komai. Wannan jiran ne mutanenmu ba sa iyawa. A taɓa rulo biyar cikin minti ɗaya, sannan a rasa wanne ya gyara wanne ya ɓata. Kafin ma ka taɓa, karanta yadda yake gudun. In a wuri guda yake fita kullum, matsalar na ga ƙarfen wurin ko rulonsa. In wani yanki ne na tapin ke fita duk inda ya je, mahaɗi ne aka yanka a karkace. In kuwa lafiya lau yake tafiya babu kaya, sai an yi lodi ya kauce, kayan ne ba sa sauka a tsakiya.

Su kuma ƙusoshin, ɗaure su tare, juyi ɗaya nan juyi ɗaya can, kana auna tazarar kowane gefe da mita. Ido na ƙarya a nan.

Akwai masu tsoron ɗauri har su bar tapi ya yi tumbi tsakanin rulo da rulo. Shi ma ɓarna ne: kaya na zuba, tapin na lanƙwashewa a kan kowane rulo, inji na shan wutar banza. Awonsa ba wuya. Da kaya a kai, an kashe wuta, ɗora miƙaƙƙen katako ko ka ja zare daga rulo zuwa rulo ka auna zurfin lotsawar a tsakiya. Kada ta wuce kashi 2 cikin 100 na tazarar. In tazarar mita 1.2 ce, milimita 24 ke nan iyaka.

Sai ranar sa sabon tapi, inda ake shuka matsalar wata shida masu zuwa. Sabon tapi na miƙewa, kuma mafi yawan miƙewar a makonnin farko take. Wanda ya haɗa shi alhali gangar ɗauri, wato ta baya, na tsakiyar hanyarta ya riga ya cinye rabin wurin da zai bukata. Mayar da ita kusa da farko, ka bar ɗan abin da za ka iya sassautawa in gyara ya taso, sauran hanyar duk ta miƙewa ce. Ka kuma san abin da ke cikin robar. Rubutun da ke jikinta, irin su EP 400/3, yana gaya maka zaren tsaye na foliyesta ne, shimfiɗa uku, kuma 400 ɗin ƙarfinsa ne, a ma'aunin niyuton, a kowace milimita ta faɗi. Irin wannan ana ba shi hanyar ɗauri wajen kashi 1.5 cikin 100 na tazarar ganga da ganga: tapin mita 40, santimita 60. Mai zaren nailan ya fi haka miƙewa nesa, ga shi yana shan laima, mai wayar ƙarfe a ciki kuwa da ƙyar yake motsawa. Shi ya sa nake jin takaici in na ga an je kasuwar Katako an sayo guntun tsohon tapi an jona da wani iri daban. Araha dai an samu, amma kowane yanki da irin miƙewarsa, ɗaurin da ya yi wa wannan daidai ya yi wa wancan yawa. In ƙusa ta kai ƙarshe tapi bai ɗauru ba, kada a cusa guntun ƙarfe a bayan gidan rulma. A yanke a sake haɗi. Kuma a tuna, in ganga ta matsa santimita 10, santimita 20 na tapi ta cinye, domin sama da ƙasa take ja.

Idan tapi ya wuce mita 50 ko makamancin haka, ƙusa ba ta ƙara riƙe shi yadda ya kamata. Dalili kuwa, lokacin da inji ya tashi, ɓangaren sama mai kaya na miƙewa, ragowar sai ta taru a bayan gangar inji, daidai inda ake bukatar ɗauri. Ƙusa ba ta san an yi ba, tana nan inda ka bar ta. Mu da wuta ke ɗauke mana tapi cike da kaya, mu sake tayar da shi a haka, mun fi kowa sanin wannan. A nan ake sa nauyi mai rataya: ganga mai hawa da sauka a kan dogo, da akwatin nauyi a ƙarƙashinta, tana shanye ragowar nan take. Manyan layuka irin na masana'antar siminti, kamar masu ɗaukar farar ƙasa a yankin Malbaza, irin wannan tsarin ko na injin ja suke bukata. Mazauninsa mafi kyau a ɓangaren dawowa ne, dab da bayan gangar inji.

Shi ma muna ɓata shi ta hanyoyinmu. Na taɓa buɗe wani akwatin nauyi na tarar da tsohon injin mota, da bulo, da guntun dogo, kowane mai gyara da ya wuce ya jefa nasa, babu wanda ya auna. Nauyin nan lissafi ne: tapi biyu ke riƙe da shi, saboda haka tan ɗaya, har da nauyin gangar da akwatin, kilo 500 yake ba kowane ɓangare. A auna, a rubuta adadin da fenti a jikin akwatin. Abin da ya fi wannan yawa shi ne nauyin da ya daina aiki ba a sani ba. Tapi ya miƙe, akwati ya sauka ya zauna a kan tarin ƙurar da ba a share ba, ko dogon ya cushe da ƙasa ya riƙe gangar. Daga nesa komai daidai, alhali tapin babu mai jansa. Tsaya ka kalle shi lokacin tayar da inji. Nauyi mai rai sai ya ɗan motsa ya daidaita. In bai yi ko gezau ba, ya mutu.

Ƙurar hunturu da giris in suka haɗu a kan zaren ƙusa sai su zama kamar siminti. Goge, shafa kaɗan, ka rufe zaren da guntun tiyo ko tsohuwar robar taya.

Maganar rai kuma. Kashe wuta bai isa ba, sa kwaɗo a akwatin wutar ka jefa makullin a aljihunka, domin wanda zai kunna bai san kana ciki ba. Ko an kashe, ɗaurarren tapi na riƙe da ƙarfi kamar baka da aka ja. Kafin a yanka shi ko a kwance mahaɗi, a ɗage nauyin a tallafe shi da sarƙa, a sassauta ƙusoshi, mai hawa tudu kuma a sauke kayansa ko a datse shi kada ya zamo baya. A kewaye ƙarƙashin akwatin nauyi da raga, saboda inuwa ce mai daɗi kuma a nan yara ke son shimfiɗa tabarma su dafa shayi. Babbar riga da rawani mai jela su tsaya a ofis.

Abin da nake sa yarana su yi yanzu ba ya cin ko dala. Ranar da aka gama ɗauri, a ja layi da fenti a jikin dogon daidai inda gidan rulma ya tsaya, dama da hagu, a rubuta kwanan wata. Duk Asabar a duba a sake ja. In layukan na matsowa kusa da juna, tapin ya gama miƙewarsa ya zauna. In tazararsu ta soma buɗewa bayan an daɗe da zama, je ka duba mahaɗin a ranar, yawanci shi ne ya fara saki.