Yadda ake daidaita launin hotuna kafin a lulluɓa su a jikin siffar 3D

Duk wanda ya taɓa zagaye wani abu da kyamara don ya yi wa siffarsa ta 3D fata, wato hotunan da ake lulluɓa mata don ta samu launi, ya san wannan ciwon kan. Gefen dama ya fito ja-ja, na hagu shuɗi-shuɗi, inda hotuna biyu suka haɗu kuma ga layi ɓaro-ɓaro, siffar ta koma kamar riga mai faci. Alhali launin abin yana nan yadda yake. Haske ne ya yi ta sauyawa, ita kuma kyamara tana yanke wa kowane hoto hukunci dabam. Shi ya sa mafi yawan gyaran ake yin sa tun kafin a zauna gaban kwamfuta.

Da farko, ka ƙwace zaɓi daga hannun kyamara. Juya ta zuwa M, inda kai ne kake saita komai da hannu, ka tsayar da ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, buɗewar gilashi a f/8 ko f/11, saurin ɗauka ma ka bar shi wuri ɗaya har ka gama. Ma'aunin fari (white balance), wanda da shi kyamara ke yanke abin da za ta ɗauka a matsayin fari, shi ne babban mai laifi, don haka ka cire shi daga atomatik ka ba shi lamba: hasken rana yana wajen Kelvin 5500, kwan fitila mai ɗumi tsakanin 2700 da 3200, inuwa kuwa takan haura 7000. Sannan ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Hoton JPEG matakai 256 kawai yake da su a kowane launi, kuma kyamara ta riga ta dafa shi. RAW mai bit 14 yana da matakai 16,384, kuma ma'aunin farinsa a buɗe yake, za ka iya sauya shi daga baya ba tare da hoton ya lalace ba.

Na biyu, haske ya zama iri ɗaya. A waje, ranar da gajimare ya rufe sama ta fi, don inuwa ba ta da kaifi. A ɗaki, kada ka yarda hasken taga ya gauraya da na kwan fitila. Wannan ina jaddada shi, domin idan rabin abu yana shan haske mai shuɗi, rabi mai rawaya, babu lambar da za ta gyara duka biyun a lokaci guda. Idan abin mai ƙyalli ne, sa matatar folaraiza, mai tace ƙyallin haske, a kan fitila, wata a kan gilashin kyamara, ka juya ta har su gitta juna da digiri 90. Ƙyallin zai ɓace, launin asali ya bayyana.

Na uku, kati. Ko dai katin toka mai mayar da kashi 18 cikin 100 na haske, ko allon ColorChecker mai murabba'ai 24 da ake amfani da shi tun 1976. Ajiye shi daidai inda abin yake, yana shan hasken da abin ke sha, ka ɗauke shi a farko, a ƙarshe, da duk lokacin da ka lura haske ya motsa. Kowane hoton kati shi ne shugaban rukunin hotunan da suka biyo bayansa.

A kwamfuta, buɗe hoton katin a manhajar gyaran hoto, kamar Lightroom, ko darktable da RawTherapee waɗanda kyauta ne. Taɓa murabba'in toka da abin tsintar launi, ka duba lambobin ja, kore da shuɗi. So ake su zo daidai da juna, kuma tokar kashi 18 ta tsaya wajen 118 a sRGB, ma'aunin launi mai lambobi daga 0 zuwa 255. Lambobin za ka bi, kada ka bi ido, domin ido yana sabawa da launin da ya daɗe yana kallo, bayan ɗan lokaci rawaya-rawaya ma fari zai gan ta. Kunna gyaran gilashi don ya kawar da duhun da ke taruwa a kusurwoyin hoto, ka kashe duk wani ƙarin armashi na atomatik. Sai ka kwafe wannan saitin zuwa sauran hotunan rukunin, ka fitar da su a TIFF mai bit 16.

To idan hotunan an riga an ɗauke su babu kati fa? Nan ne aikin yake da cin rai, amma yana yiwuwa. Zaɓi hoto ɗaya mafi tsaftar haske, ka mai da shi ma'auni. Nemo wuri uku da suka fito a cikinsa da kuma hoton da za ka gyara: ɗaya mai duhu, ɗaya matsakaici, ɗaya mai haske. Kada ka auna ɗigo guda, don ɗigo ɗaya yana iya zama ƙura ko hayaniyar kyamara. Sa abin tsintar ya ɗauki matsakaicin ɗigo 11 sau 11. Rubuta lambobin, ka shiga Curves, sashen manhajar da ake gyara launi ta hanyar lanƙwasa layi, ka ja layin ja shi kaɗai har lambobinsa uku su dace da na ma'aunin, sannan kore, sannan shuɗi. A ce tsakiyar ma'auni ta ba ka 140, 120, 100, ɗayan hoton kuma ya ba ka 132, 121, 112: ja za ka ɗaga, shuɗi ka sauke, kore ka ƙyale shi.

Akwai Match Color a Photoshop, yana da sauri, sai dai yana lissafi ne da duk abin da ke cikin hoton. Bango kore a bayan abu zai ruɗe shi, don haka ka zagaye abin kaɗai kafin ka kira shi. Kuma iya yadda za ka iya, kowane hoto ka gwada shi da ma'aunin farko. In ka daidaita na biyu da na ɗaya, na uku da na biyu, haka har ka zagayo, ƙananan kurakurai za su taru, na ƙarshe ya ƙi haɗuwa da na farko. Inda dole sai an bi jere, fara daga ma'aunin ka bi dama zuwa rabi, ka dawo ka bi hagu, su haɗu a bayan siffar.

Wajen lulluɓawa, fifita hoton da ya kalli wurin kai tsaye a kan wanda ya kalle shi a karkace, ka tausasa bakin kowane hoto don su narke cikin juna. Metashape, manhajar da ke haɗa siffar 3D daga hotuna, yana da Calibrate Colors da ke rage bambancin da ya saura. Inuwar da ta manne a fatar kuma a cire ta, misali da Agisoft De-Lighter, in ba haka ba za ta yi faɗa da hasken da za a haska siffar da shi nan gaba.

Saura dubawa. A Blender, manhajar aikin 3D, fatar launi a sRGB take zama, taswirar kaushi da ta tudu da kwari kuma a Non-Color, saitin abin da ba launi ba. Tun fitowar Blender 4.0 a 2023, wani tsarin nuna launi mai suna AgX ne yake sarrafa abin da kake gani, kuma yana sauya launi, saboda haka ka koma Standard, ka kalli fatar ba tare da wata fitila ba. Juya siffar a hankali kana auna gefe da gefen kowace mahaɗa. Ga abin da ba ƙarfe ba, lambobin su tsaya tsakanin 30 da 240. Inda suka faɗi ƙasa da haka, yawanci ragowar inuwa ce, inda suka haura kuma ƙyalli ne bai fita ba, sai ka koma hoton da ya ba da wannan yankin ka gyara shi daga can.